DATTAWA, HAR YAUSHE ZA MU CE "SAI TARO NA GABA"?



Sau uku ke nan ana kawo maganar kafa asusun tallafa wa matan karkara a gaban dattawa, sau uku kuma ana cewa a bari sai taro na gaba. Maganar fenti da sabon janareta kuwa, a zama ɗaya aka gama ta. Yau za mu faɗi gaskiya ko da ɗaci, gama mu ma muna cikin masu laifin.

Mu da ke zaune a Ƙauyen Alu, Gyadi-Gyadi da Tarauni ba za mu ce ba mu sani ba. Ƙauyen Alu suna ne kawai ya rage, birni ya haɗiye shi. Amma ƙauye na gaske yana sauka a tashar Unguwa Uku: yarinya ƙarama da ƙullin kayanta, an kawo ta aikatau. Waɗansunsu a gidajenmu suke wanke-wanke. Uwarta tana can Sumaila, Rogo ko Tudun Wada, kuma ba raguwa ba ce. Ita ke nome gayaunarta, ta soya gyaɗa, ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli. Rashin jari ne ya karya ta. A watan Agusta rumbu ya ƙare, ta ci bashin hatsi. Da kaka ta sayar da gyaɗarta da arha domin ta biya. Da bazara ta sake sayen gyaɗar da tsada. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin niƙa da na mota suka cinye ɗan abin da ke saura.

Mu kuwa me muke yi? Kirsimeti ta zo mu kai turmin zane da kwanon shinkafa, a ɗauki hoto, mu dawo. Kafin sabuwar shekara shinkafa ta ƙare, bashi yana nan.

Waɗansu suna cewa aikin Ekklesiya wa'azi ne kaɗai. Su koma Ayyukan Manzanni sura 6. Da aka yi gunaguni cewa ana manta da waɗansu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su ɗaga magana ba. Mutum bakwai aka zaɓa aka danƙa musu aikin.

Waɗansu kuma suna cewa sai mun sami Turawa masu ba da taimako. A 1976 Muhammad Yunus na ƙasar Bangladash ya ranta wa mutum 42 dala 27 daga aljihunsa a ƙauyen Jobra. Daga nan Bankin Grameen ya tsiro, mafi yawan masu cin bashinsa mata ne, har aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2006. In wannan ya yi nisa, ga na gida: a nan Kano Hajiya Salamatu Garba ta kafa ƙungiyar WOFAN a 1993, tana haɗa mata manoma ƙungiya-ƙungiya, ana koya musu gyaran shinkafa da sarrafa gyaɗa. Maƙwabtanmu sun yi shekara sama da 30 suna wannan aiki, mu muna jiran taro na gaba.

Akwai kuma masu raɗa cewa mata ba su iya riƙon kuɗi ba. Abin kunya! Wa ke riƙe adashi shekara da shekaru ba a ji kansu ba? Wa ke tara kuɗin anko da na motar zuwa taron Zumunta, su kawo lissafi har kwabo?

Ga abin da muke roƙo. A keɓe baikon Lahadi ɗaya a kowane wata uku, da kashi ɗaya cikin goma na godiyar kaka. A fara da ƙauye biyu, mata goma-goma, su tsaya wa juna. A ba su rance marar ruwa da kaka, domin su riƙe gyaɗarsu har ta yi daraja. In sun biya, kuɗin ya wuce ga waɗansu. Mata ne za su zama shugaba, magatakarda da ma'aji. Kada fasto ko dattijo ya sa hannu a takardar cire kuɗi, amma a karanta lissafi a gaban jama'a. Wadda ta karɓa kuma ta yi alkawarin barin 'yarta a makaranta.

Abu na ƙarshe, kada a tambayi mace addininta. Musulma da Bamaguza rijiya ɗaya suke ɗiba da matanmu, yunwa ɗaya suke kwana da ita. Mu da muka san zafin wariya, bai kamata mu auna wa wani da wannan mudu ba.

Dattawa, kaka ba ta jiran kowa. A taro mai zuwa a sa maganar nan a farko, kowa ya ɗaga hannu a gani.

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka.