Ƙahon Barewa Da Gwiwar Manomi

Duk maharbin da ya taɓa hawa duwatsun Kagoro, da duk makiyayin da ke Ladduga ta ƙasar Kachia, ya san ƙahon gada ko na saniya in ya karye daga tushe ya tafi ke nan. Amma a Turai da Asiya da Amurka akwai wata irin barewa mai ƙaho mai rassa kamar itace, wadda namijinta ke zubar da ƙahonsa kowace shekara, sabo ya tsiro. A Afirka, duwatsun Atlas na arewa ne kaɗai gidanta na asali.

Abin mamaki shi ne saurin tsiron. A manyansu, ƙahon yakan ƙaru da kamar santimita 2 a rana guda. Da farko guringuntsi ne mai laushi, lulluɓe da fata mai gashi, jini na gudana a cikinsa. Sannu a hankali ya daskare ya zama ƙashi daga ƙasa zuwa sama, cikin wata uku ko huɗu ya kammala.

Masana sun daɗe suna ɗibar jinin waɗannan dabbobi suna aunawa, domin duk aikin da jiki ke yi yakan bar sawunsa a jini. A 1985 masu bincike a ƙasar New Zealand sun nuna cewa wani sinadarin girma da ake kira IGF-1 yana hauhawa a jini daidai lokacin da guringuntsin ke tsiro. In sinadarin mazakuta ya hau, sai tsiro ya tsaya, fatar ta bushe ta saɓule. In ya sauka, ƙahon ya faɗi. An kuma gano cewa dabbar takan ranci sinadaran ƙashi daga haƙarƙarinta ta gina ƙahon, daga baya ta mayar.

To, ina ruwan mutumin Kafanchan da wannan? Ruwansa yana gwiwarsa. Guringuntsi ne ke shimfiɗe a bakin ƙasusuwan gaɓoɓi yana hana su gugar juna. Sai dai na ɗan Adam ba shi da hanyar jini, shi ya sa in ya zaizaye da ƙyar yake farfaɗowa. Manomin citta na Kachia ko Jaba da ya shekara talatin a duƙe, da uwar da ta tsufa tana ɗaukar itace a ka, su ne suka san zafin abin. Hoton ƙashi na asibiti kuwa ba ya nuna ɓarnar sai ta yi nisa. Saboda haka likitoci ke neman ɓurɓushin kolajin, wato zaren da aka saƙa guringuntsi da shi, a jini da fitsari, ko a gane cutar tun tana ƙarama. Wannan awo har yanzu aikin masu bincike ne, kuma barewa, wadda ke gina guringuntsi ta rushe shi kowace shekara, makaranta ce gare su. A 2023 masana a ƙasar Sin suka ware ƙwayoyin halittar da ke tsiro da ƙahon, suka dasa su a kan ɓera, wani abu mai guringuntsi da ƙashi ya tsiro.

A nan ne ake buƙatar hattara. Ana yanke ɗanyen ƙahon a gonakin New Zealand, a busar, a kai Koriya da Sin, ana kuma tallan garinsa a intanet da sunan maganin gaɓoɓi. Amma gwajin da aka yi a Kanada kan masu ciwon kumburin gaɓoɓi, wanda aka buga a 2008, bai nuna ya fi maganin wofi amfani ba. Hikimar tana cikin rayayyun ƙwayoyi da jini mai gudana, busasshen gari bai gaje ta ba.

Don haka wanda gwiwa ta dama, kada ya sayar da buhun citta ya yi cinikin biri a sama. Ya je asibiti a duba shi, ya rage ƙiba in yana da ita, ya riƙa motsa gaɓar daidai ƙarfinsa, ya kuma nemi lambar hukumar NAFDAC a jikin duk maganin da aka miƙo masa. Gwiwa biyu Allah ya ba kowa, kuma ba ta zuba ta sake tsiro kamar ƙahon barewa.