Ƙarfe Nawa Ne A Agege?

Da azumin da ya faɗo cikin watan Maris na sauka a Agege, ta Ikko, gidan wani dattijo abokin mahaifina, tsohon ɗan kasuwar goro. Ran da na isa, da yamma ta yi, sai na ga ya ɗaga kai ya dubi wata kalanda da ke rataye a bango, ya dubi agogonsa, ya jawo kwanon kunu. Na leƙa waje, ga rana ja wur tana bisa rufin kwanon maƙwabta, ba ta ko taɓa shi ba. Na ce, "Baba, a dakata kaɗan, rana ba ta faɗi ba." Ya ce, "Kai yaro, ga shi a rubuce, ƙarfe 6 da minti 37." Na tashi na duba kalandar, ashe a Kano aka buga ta, wani ɗansa ne ya aiko masa. Muka zauna muna jira, sai da aka yi wajen minti 20 sa'an nan ladanin unguwa ya yi kira.

Kalandar ba ta yi ƙarya ba, agogon Baba kuma lafiyarsa lau. Abin da ya kusa ɓata masa azumi wani abu ne da ake koya mana a darasin labarin ƙasa, mu haddace shi don jarrabawa, mu bar shi nan cikin littafi. Duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas, tana cika digiri 360 cikin awa 24. Watau digiri 15 ke nan kowace awa, ko kuwa minti 4 ga kowane digiri. Kano tana wajen digiri 8 da rabi gabas da layin Girinwic, Ikko kuwa ba ta cika 3 da rabi ba. Tsakaninsu digiri 5 da 'yan kai. Ninka da 4, ga minti 20 ɗin Baba nan sun fito. Maiduguri ta wuce digiri 13, saboda haka tsakar rana takan riski Barno kusan minti 40 kafin ta riski Agege.

Kada kuma wani ya ɗauka maganin abin shi ne a ƙara minti 20 bisa kalandar Kano a huta. Kano ta fi Ikko nisa daga tsakiyar duniya, don haka tsawon yininta ya fi sauyawa. Cikin Yuni ratar faɗuwar rana tsakanin biranen nan biyu takan ragu zuwa wajen minti 10, cikin Disamba kuwa ta doshi rabin awa. Mai azumi a Agege ba shi da abin bi sai lissafin Agege. A mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya sha ruwa yana zaton rana ta faɗi, alhali ba ta faɗi ba, ramuwa ta hau kansa.

To, yaya aka yi agogon Kano da na Ikko da na Maiduguri suka zama ɗaya? Shiri ne na mutane, kuma ba a daɗe da yin sa ba. A 1884 aka yi taro a Washington ta Amurka aka zaɓi Girinwic, kusa da Landan, ta zama mafarin ƙirgen layukan taswira. Ikko ta yi ta jujjuya agogonta bayan wannan. A 1905 ta bi na Girinwic, a 1908 ta koma na ranarta, wanda ya gota na Girinwic da minti 13 da rabi. A 1914, shekarar da aka haɗa Arewa da Kudu, aka sa rabin awa gaba da Girinwic. Ran 1 ga Satumba 1919 aka mai da shi awa guda cur, shi muke kai har yau. Jirgin ƙasa ya isa Kano tun 1911, kuma ba shi yiwuwa kowace tasha ta riƙa bin inuwarta, in ba so ake jirage su yi karo ba.

Amma dubi inda aka ɗauko awa gudan nan. Agogon layin digiri 15 ne, layin kuwa bai ko taɓa Nijeriya ba, ta kan Njamena ta ƙasar Cadi ya bi. Na rabin awa ɗin nan na 1914 shi ne ya dace da mu, don layinsa, digiri 7 da rabi, ya bi ta kusa da Kaduna da Abuja. Yanzu duk ƙasar nan agogonmu yana gaba da rana, na Ikko kuwa yana cikin waɗanda suka fi kowa gaggawa, wajen minti 46. In agogon tashar Agege ya buga 12, tsakar rana ba ta yi ba tukuna, sai tsakanin 12 da rabi da ƙarfe 1, gwargwadon watan da ake ciki. Fataken goro da ke zuwa Kumasi sun san abin mamakin nan: a rana, minti 14 ne kawai tsakanin Ikko da Ankara, amma a agogo awa guda ce.

Nan ne maganar ta shafe mu, mu da za mu riƙe aji. A makarantar da na yi koyarwar gwaji, da ƙarfe 7 da rabi ake jeruwa, wanda ya makara kuma ya sha bulala ko ya tsinci shara. Ƙarfe 7 da rabi na agogo, a rana bakwai saura kwata ne. Cikin Janairu da Fabrairu rana ba ta fitowa a Ikko sai wajen ƙarfe 7. Yaron da zai shiga mota biyu kafin ya iso, cikin cunkoson da kowa ya sani, tilas ya bar gida da duhu, sau da yawa bai karya kumallo ba. Na ga yarinya 'yar aji uku tana gyangyaɗi tsaye a layi. Malaminta ya kira ta malalaciya. Ni dai ban ga lalaci ba, na ga yarinyar da aka tasa tun kafin assalatu.

Ba mu kaɗai ke da wannan ba. Akwai wani tsibiri can arewa da Ingila, ana ce da shi Aisland. Tun 1968 suke bin agogon Girinwic rani da damina, alhali babban birninsu, Rekyabik, yana wajen digiri 22 yamma da layin. Tsakar ranarsu sai wajen ƙarfe 1 da rabi. Ga shi da hunturu yininsu bai fi awa 4 da 'yan mintoci ba, rana ba ta leƙowa sai bayan ƙarfe 11. Masanan barcinsu suka yi ta kuka, cewa matasa ba su samun isasshen barci, a ja agogo baya da awa guda. Aka yi ta shawara, a 2020 gwamnatinsu ta bar agogo yadda yake. Masu son hasken yamma don wasanni da masu harkar jiragen sama ba su so a taɓa shi ba. A tsakanin 2015 da 2019 kuwa sun gwada rage wa wasu ma'aikatan hukuma awoyin aiki daga 40 zuwa 35 ko 36 a mako, ba tare da rage albashi ba. Agogon ya gagare su, amma awoyin aiki sun taɓu.

Ni ma ra'ayina ke nan game da mu. Ban ce a raba Nijeriya agogo biyu ba. Mai aiko da shanu daga Maiduguri zuwa mayankar Oko-Oba da mai karɓarsu suna bukatar ƙarfe 4 ɗinsu ta zama ɗaya, haka banki da jirgi da jarrabawa. Abin da na ce shi ne ba dole ba ne ƙararrawar makaranta ta kaɗa lokaci ɗaya daga Barno har bakin teku. In an jinkirta ta Ikko da rabin awa, yaron Agege zai shiga aji da rana irin wadda ɗan'uwansa na Kano yake shiga da ita.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya ciki. Iyaye da yawa sammako suke yi don su tsere wa cunkoso, to wa za su bar wa yara? In an tashi a makare kuma, makarantar allo da Islamiyya ta yamma za su matsu. Na farkon yana da nauyi ƙwarai, ban kuwa ce ya warware sarai ba, sai dai ana iya buɗe ƙofar makaranta da wuri yadda aka saba, a sa malami ɗaya ya tsare yara, a jinkirta darasi da bulalar makara kawai. Na biyun bai dame ni ba, domin la'asar da magariba su ma a makare suke zuwa a Agege, rabin awar da aka ci da safe tana nan da yamma.

Wannan aikin hukuma ne, ba mu da iko da shi yau. Wanda muke da iko da shi shi ne darasi. 'Yan'uwana ɗalibai, in an tura ɗayanmu Agege ko Idi-Araba, ya kafa sanda a filin makaranta, ya sa yara su riƙa sa alama a bakin inuwarta kowane minti 10, daga ƙarfe 11 da rabi zuwa 1 da rabi, su rubuta lokacin da ta fi gajarta. Ya shirya da wani abokin karatunsa da ke Kano su yi a rana ɗaya, sa'an nan su buga waya su gwada lissafi. Yaran da suka ga minti 20 ɗin nan da idonsu su ne za su koma gida su duba inda aka buga kalandar da ke bangon kakansu. Ta Baba dai mun sauke ta a daren nan, washegari jikansa ya karɓo ta masallacin unguwa.