Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Kano: A Turo Mana Ɗaliban Jinya

Ranka ya daɗe,

Daga Kiru nake rubuto maka, kuma hirar da na yi da ɗiyar ƙanwata ce ta sa na ɗauki alƙalami. Tana shekara ta biyu a karatun jinya. Da ta zo hutu, na tambaye ta abin da ta koyo a wani babban asibitin birni da aka tura su. Sai ta yi dariya ta ce, "Kawu, mu sha biyu muke kewaye gado ɗaya. Wadda ta riga kai hannu ita ke awon jini, sauran mu kallo." Wata uku ba ta taɓa ɗaura wa majinyaci ƙarin ruwa da hannunta ba, amma an rattaba mata hannu a littafi cewa ta iya.

A nan kudancin Kano kuwa, hannun ne ake nema ruwa a jallo. Da damina ta zauna, gadajen yara sai su cika da masu zazzaɓin cizon sauro. Ga tsargiya a ƙauyukan bakin madatsar Tiga, ga saran maciji daga gonakin gefen dajin Falgore, ga waɗanda ake kwasowa jina-jina daga titin Kano zuwa Jos. Mai naƙudar da ta iso ƙarfe biyun dare da jijjiga, ba ta da lokacin jiran a kai ta Asibitin Murtala. Ɗalibar da ta yi kwanan aiki a asibitin Tiga, Tudun Wada ko Doguwa, cikin mako guda za ta ga abin da sai ta shekara tana karantawa a allo. Makarantar jinya ta Madobi ma ba nisa gare ta da mu ba.

Sai dai kada a fahimce ni baibai. Ban ce a jibge mana yara su toshe gurbin ma'aikatan da ba a ɗauka ba. Wannan ganganci ne da rayukan talakawa. Kowane rukuni ya zo da gogaggiyar nas wadda aikinta kawai ta tsaya a kansu, a biya ta alawus ɗinta, kuma kada ta sa hannu sai a kan abin da idonta ya gani. A tanadi masauki mai katanga da ruwa da wutar sola. In babu wannan, ni kaina ba zan bar 'yata ta je ba.

A 2024 Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta ce ma'aikatan jinya fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Wanda ya rage ma, birni yake so. Shirin Women for Health da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012 ya gwada wata dabara a Kano da wasu jihohin arewa: a ɗauko 'yan matan karkara, a horar da su, su koma garuruwansu. Abin da ya rage shi ne a koyar da su a irin ɗakin da za su yi aiki a ciki.

Ina roƙon ka zauna da Hukumar Kula da Asibitoci da shugabannin makarantun jinya, a fara da rukuni ɗaya a Tudun Wada kafin saukar damina mai zuwa.

Wassalam,
Wani mazaunin Kiru.