SAYEN TSOHUWAR MOTA A BAKIN IYAKA: RANTSUWAR DILLALI BA TA ISA SHAIDA BA

 Ya 'yan uwa masu karatu, a wannan wata muna so mu ja hankalinku ga wani ciniki wanda ya cinye dukiyar bayin Allah da yawa, ya raba aminai, wani lokaci ma ya ci rayuka, wato sayen tsohuwar ƙaramar mota, irin wadda ake kira Beljiyam ko tokumbo. Mun zaɓi iyakar Jibiya ta jihar Katsina ta zama abin misalinmu, domin ta daɗe tana cikin ƙofofin da irin waɗannan motoci suka bi suka shigo ƙasar Hausa.

Duk wanda ya manyanta ya san lokacin da ma'aikaci kan karɓi rancen mota ya sayi sabuwar Peugeot 504 daga kamfanin harhaɗa motoci na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975. Da aka karya darajar naira a 1986, sai sabuwar mota ta fi ƙarfin malamin makaranta da ƙaramin ɗan kasuwa, jama'a suka koma ga abin da Turawa suka gama mora. Shekara da shekaru ana loda motoci a tashar jiragen ruwa ta Antwerp a Beljiyam, a sauke su a Kwatano, a koro su a ƙasa ta Gaya da Doso da Birnin Ƙonni har Maraɗi, tafiyar fiye da kilomita 1,000, sannan su biyo ta Ɗan Isa su faɗo Magamar Jibiya. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka. Binciken da hukumomin Holan suka yi a kan waɗanda ake fitarwa daga ƙasarsu ya nuna cewa mafi yawansu sun shekara 16 zuwa 20, kuma ba su da takardar shaidar lafiyar hawa titi. Ke nan abin da muke kira sabuwar shigowa, a can inda ta fito tsohuwa ce tukuf.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, amincin tsohuwar mota abu ne da ake tabbatarwa da hujja. Ƙyallin fenti ba hujja ba ne, haka nan sunan kamfani, balle rantsuwar dillalin da la'adarsa ta rataya a kan faɗuwar ciniki. Wanda ya biya kuɗi a kan waɗannan ya yi cinikin biri a sama.

Hujja ta farko takarda ce, kuma a bakin iyaka ita ce gaba da kome. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu. An rufe iyakoki a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a Afrilun 2022; aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, aka buɗe a Maris na 2024. A duk irin waɗannan lokuta 'yan fasa-ƙwauri kan bi da motoci ta hanyoyin daji da dare, cikin rairayi da kwazazzabai, a guje, abin da ke lalata ƙafafun mota tun kafin ta isa hannun mai saye. Daga baya a yi mata takardun jabu. Saboda haka kada ɗan uwa ya biya ko kwabo sai ya kai takardar biyan kuɗin kwastan ofishinsu an tabbatar masa da ita, domin motar da ba a biya wa haraji ba ana iya kama ta a hanya ko da ta yi shekaru a hannunsa. Ya kuma gwada lambar shasi, mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ke cikin takarda da wadda ke ƙasan gilashin gaba da jikin ƙofar direba. In ya ga alamar goge ko walda a wurin, to, ya kama gabansa, don wataƙila ta sata ce.

Wannan lamba tana da wani amfani kuma. A motocin da aka ƙera domin Amurka, harafi ko alƙalami na goma a jerin shi ke nuna shekarar mota, don haka dillali ba zai iya sauya mata fitilu ya rage mata shekaru ba. Da ita ake binciko tarihin motar ta intanet, a ga ko ta taɓa mummunan haɗari ko ambaliya ta shanye ta. Guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017 sun nutsar da dubban ɗaruruwan motoci, kuma irin waɗannan kamfanonin inshora kan yi gwanjonsu da araha, a wanke su a turo ƙasashen waje. Motar da ta sha ruwa wayoyinta kan riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Mai saye ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya shinshina, ya duba ko akwai busasshen taɓo a ramin safaya da tsatsa a ƙarfen ƙarƙashin kujeru.

Hujja ta biyu jikin motar ne, kuma da rana tsaka ake duba shi. A ɗora ta a kan ramin gareji a leƙa ƙarƙashinta, domin gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe daga ƙasa alhali sama na sheƙi. A bi jikin da ɗan maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa, mai gyaran jiki ya cike wurin ne ya shafe da fenti. A lura ko ƙofofi da bonet suna rufuwa daidai. Haka kuma a guji motar da aka sauya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, irin ta Ingila ko Japan. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kuma sauyin da ake yi wa waɗannan motoci a garejin bakin titi yana taɓa sitiyari da birki, waɗanda ran mutum ya dogara a kansu.

Hujja ta uku inji ne, kuma sai yana da sanyi yake faɗin gaskiya. A je da sassafe, a taɓa shi kafin a tayar. In an tarar da ɗumi, akwai abin da ake ɓoyewa. Da an murɗa makulli, fitilun gargaɗi na gaban direba su kama duka, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, cire ƙwanta aka yi. Hayaƙi shuɗi yana nuna inji na ƙona baƙin mai, fari mai kauri wanda ba ya yankewa yana nuna ruwa na shiga inji, baƙi kuwa fetur ne ke wuce kima, kuma tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023 babu mai bukatar a gaya masa abin da wannan ke nufi ga aljihunsa. A buɗe murfin baƙin mai, in an ga kumfa mai kama da madara, mai da ruwa sun haɗu. Man giya na mota mai sauya giya da kanta, in ya yi baƙi yana warin ƙuna, giyar ta kusa sallama. Kada a yarda da agogon kilomita shi kaɗai, domin ana mayar da shi baya. A dubi cinyewar sitiyari da robar birki da kujerar direba. Taya ma tana da ranar haihuwa: alƙaluma huɗu a gefenta, biyu na mako, biyu na shekara. Daga nan a hau babban titi na tsawon rabin sa'a, a ga ko za ta yi zafi, ko tana ja gefe in an taka birki.

Wani zai ce ai ya sayi Toyota ko Honda, ba ya bukatar wannan wahala. Gaskiya ne waɗannan sun yi suna wajen juriya, kuma kayan gyaransu na samuwa a Katsina da Kano. Amma Camry mai silinda huɗu ta 2007 zuwa 2009 ta shahara da shan baƙin mai, kuma a 2004 kamfanin Honda da kansa ya janye motoci masu yawa, har da Accord mai silinda shida, saboda matsalar giya. Bayan shekara 15, yadda aka riƙe mota ya fi sunanta nauyi a sikeli. Shi ya sa muke cewa mai saye ya zo da makanikensa, ya biya shi ladan dubawa ko an saya ko ba a saya ba. Makaniken da ke jiran kasonsa daga dillali ba zai ga aibi ba ko da aibin ya kai girman Dutsen Dala.

Yanzu kuma sai mu juya ga masu sayarwa da dillalai, waɗanda mafi yawansu 'yan uwanmu ne da muke haɗa sahu da su. Shari'a ba ta bar wannan fage haka nan ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya sa hannunsa cikin tsibin abincin wani mai sayarwa, ya ji danshi a ƙasa alhali sama a bushe, ya kuma yi tir da wannan algus. Ya hana a ƙi tatsar dabba kwanaki domin hantsarta ta cika a yaudari mai saye, ya ba wanda aka yaudara damar mayar da ita. Mene ne bambancin wannan da mayar da agogon kilomita baya, ko zuba baƙin mai mai kauri domin a rufe ƙarar inji? Haka nan an hana najashi, wato mutum ya riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba, sai don ya tunzura wani, abin da ya zama ruwan dare a filayen sayar da motoci. Maganar nan ta "yadda ka gan ta haka ka saya" kuwa, malaman Malikiyya sun bayyana cewa irin wannan sharaɗi ba ya wanke mai sayarwa daga aibin da ya sani ya ɓoye. Dillalin da ya rantse da Allah cewa mota lafiya lau take, alhali ya san giyarta na zamewa, ya haɗa cin dukiyar ɗan uwansa da wasa da sunan Ubangijinsa.

Mun san za a ce in aka faɗi aibi ciniki ba zai faɗa ba. Zai faɗa, a kan farashinsa na gaskiya, domin kowace mota tana da mai sayenta. Akwai wanda zai karɓi mai ciwon giya da rangwame ya gyara abinsa. Abin da zai ragu shi ne ribar da daman ba halal ba ce. Kuma a gari irin Jibiya ko Katsina, inda kowa ya san kowa, dillalin da aka shaida da gaskiya ba ya rasa masu nemansa.

Shi ma mai saye akwai haƙƙi a wuyansa. Motar nan iyalinsa zai ɗauka, ko fasinjoji tsakanin Katsina da Jibiya da Maraɗi. Wanda ya ƙi duba birki da taya don gudun kashe ɗan kuɗi, sannan aka yi haɗari ya ce ƙaddara ce, ya bar sababin da aka umarce shi da riƙo. Muna ba da shawara a rubuta kowane ciniki a gaban shaidu biyu, a sa lambar shasi da aibobin da aka bayyana, a kuma yi sharaɗin kwanaki na gwaji. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki ta sauka. Muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin masu sayar da motoci su mayar da wannan ƙa'ida a filayensu, limamai kuma su taɓo batun a huɗuba.

Masu iya magana sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida, kuma idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya tsarkake mana kasuwancinmu, Ya kare mu daga haɗurran hanya, Ya sa mu dace.