LAMBUN MASALLACI: SADAKAR DA MATASAN KONGOLAM SUKA MANTA DA ITA

Duk wanda ya bi hanyar Daura zuwa Kongolam a cikin bazara zai ga abin da ya kamata ya tayar wa mai imani hankali. Iska na kwasar ƙasar gona, itatuwa sun koma buhunan gawayi, yara kuma na bin ragowar kurciyoyi da danƙo. Wannan ɓarna ce a bayan ƙasa, kuma hannuwan mutane ne suka jawo ta.

Allah (T) Ya saukar da sura guda da sunan ƙudan zuma, wato Suratun Nahli. A Suratul An'am aya ta 38 kuma Ya bayyana cewa tsuntsaye al'ummu ne kamar mutane. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas bin Malik (RA) cewa Musulmin da ya yi dashe, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, to an rubuta masa sadaka. A ruwayar Abu Dawud kuwa, Manzon Allah (S) ya hana kashe ƙudan zuma da alhudahuda. To ina matashin da ke ikirarin bin Sunna ya bar waɗannan?

Maganar har cikin tukunya take. Kankana da kabewa furensu namiji daban, mace daban. In ƙudan zuma bai ɗauki garin wannan ya kai wa wancan ba, manomi sai dai ya ga yaɗo ba 'ya'ya. Wani zai ce ai tsuntsaye gero suke ci. Gaskiya ne jan-baki na ɓarna, amma shamuwa da balbela fara da tsutsa suke cinyewa, ba tare da an biya su ko sisi ba.

Tun 2007 shugabannin Afirka suka amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015, Katsina na cikin jihohi 11 da ya shafa. Sai dai bikin dashen itace na manya ba ya shayar da tsiro ranar da 'yan jarida suka watse. A tsallaken iyaka kuwa, bayan farin 1984, talakawan Maraɗi da Damagaram suka riƙa barin tohon kututture yana girma a gonakinsu, abin da suke kira sassabin zamani. Da haka suka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Gawon da ya cika gonakin Matamaye da Magarya shaida ne.

Don haka aiki ya rage ga 'yan uwa matasa. Kowace majalisa ta killace fili a gefen masallaci ko Islamiyya, a haƙa 'yar hanya ruwan alwala ya riƙa gangarawa can. A dasa itatuwan gida irin su kurna, magarya, aduwa, tsamiya da gawo, wanda ke fure bayan damina lokacin da ƙudan zuma ke neman abinci. A ajiye kaskon ruwa saboda tsuntsaye, a rataya amya nesa da jama'a, a daina feshin magani da hantsi lokacin da ƙudan zuma ke kan fure. A raba kwanakin ban-ruwa da gadin awaki kamar yadda ake raba aikin muzahara.

Matashin da ya kasa riƙon amanar tsiro guda har ya yi shekara, da wuya ya riƙe amanar al'umma. Allah (T) Ya ba da ikon aikatawa. Wassalam.