Rairayin Gure na shan ruwanmu a ɓoye

Duk taron da muka yi kan matsalar ruwa, magana ɗaya ce ke fitowa: a haƙa mana sabon foraj, a gina mana wani shato. Ni ma na sha ɗaga hannu a kan haka. Amma tun bazarar bara na fara tunanin akwai abin da muke tsallakewa.

A bayan gidanmu wata ciyawa ta tsiro kore shar cikin watan Afrilu, lokacin da ko akuya ta san babu ɗanyen abu a garin nan. Makonni muna wucewa, ba wanda ya tambayi dalili. Wani dattijo mai gyaran pompo ne ya tsaya ya dube ta, ya ce zai dawo da dare. Bayan isha'i sai ga shi da sandar ƙarfe mai kan katako. Ya ɗora bakinta kan tiyo kusa da kwantar, ya manna kunne, ya ce mu yi shiru. Can ya miƙo mini: "Saurara, ɗana." Wallahi na ji, wani siririn shuuu kamar iska na fita daga taya. Da safe aka tona, ga tsaga ba ta kai tsawon yatsa ba, ƙasan wurin kuwa jiƙe sharkaf.

A gari mai jar ƙasa ko laka, tiyo ya fashe ruwa zai taso, yara su yi wasa a ciki, wani ya kai rahoto. Mu a Gure rairayi gare mu. Ruwan ƙasa yake yi, ba ya tasowa. Da ba don ciyawar nan ba, sai a shekara ana zuba. Ruwa ne da aka jawo daga ƙarƙashin ƙasa da kuran, aka tura shato, kuɗinsa ya riga ya fita, amma bai shiga bidon kowa ba. Kuma in aka ɗauke ruwa tiyo ya zama fanko, ta wannan tsagar ƙazanta ke samun hanyar shiga.

Abin da dattijon ya yi da sanda, shi injiniyoyi ke yi da na'ura. Ruwan da ke fita da ƙarfi ta tsaga yana ƙara, ƙarar kuma na bin jikin tiyo. Sai a manna na'urar saurare biyu, ɗaya nan ɗaya can. Wadda ta fi kusa da tsagar ita ke fara ji, daga ɗan bambancin lokacin nan a lissafa inda za a tona, ba sai an farke layi guda ba. Akwai ƙanana ma da ake bari a jikin tiyo suna saurare wajen ƙarfe biyu zuwa huɗu na dare, sa'ad da gari ya yi tsit.

Kar in yi muku zaƙin baki. Tiyon roba ba ya kai ƙara nesa kamar na ƙarfe, kuma in ruwa ba shi da ƙarfi ƙarar kan yi rauni. Ma'ana a wurinmu sai an matso da na'urorin kusa da juna, sai an yi yawo da ƙafa, sai an bi daren da ruwa ya zo. Aikin haƙuri ne, shi ya sa ba ya burge masu yanka kirtanin buɗe sabon gini.

Amma yana biya. Wani binciken Bankin Duniya na 2006 ya kiyasta ruwan da ke yoyo daga bututun birane a duniya ya haura kubik mita biliyan 32 a shekara. Birnin Phnom Penh na Kambodiya a 1993 yana asarar kashi 72 cikin ɗari na ruwansa, bayan shekara goma sha biyar ya sauko wajen kashi 6, da sauya tsofaffin bututu, sa kwantar, da farautar yoyo dare da rana.

Tun Janairun 2024 kamfanin ƙasa NDE ya karɓi rabon ruwan birane daga SEEN. Tunda abin ya dawo hannunmu, muna da bakin tambaya. Ni abu biyu zan so mu sa a takardarmu ta gaba. A riƙa liƙa mana lissafi: ruwa nawa aka tura shaton Gure a wata, nawa kwantoci suka ƙirga. Sannan a horar da matasa biyu ko uku na garin nan, a ba su na'urar saurare, ko da ta aro ce daga Damagaram wata bayan wata.

Kafin nan, ku gwada wannan yau da dare: ku rufe duk pompon gida, ku haska kwantar da tocilan. In tana juyawa, yoyon a cikin gidanku yake.