Turawa Da Giyar Ƙuruciyarsu

Duk wanda ya taɓa zagaya shagunan gwanjo na ƙasar Ingila, inda ake jibge tarkacen gidajen da masu su suka tsufa ko suka kwanta dama, da wuya ya fito bai yi kiciɓis da wata kwalba mai faffaɗan ciki da siririn wuya ba. Wani sa'i a tarar narkakken kyandir ya daskare a kafaɗarta, wani sa'i kuwa an ɗora mata ƙwan lantarki an mai da ita fitilar gefen gado. Sunan giyar da aka shanye a cikinta Mateus, daga ƙasar Fotugal. Dattijon Bature in ya gan ta yakan yi murmushi, sa'an nan ya waiga ko wani ya ga murmushin nasa, domin giya ce wadda ya fara sha yana saurayi, ya girma ya koyi yi mata dariya, ga shi kuma yanzu da furfura yana begenta.

Mafi yawan masu karanta wannan shafi ba mashaya ba ne, kuma hukuncin barasa sananne ne ga kowane Musulmi. Amma halin ɗan Adam da ke cikin wannan labari, watau raina abin da ya rene ka don gudun kada a ce kai baƙauye ne, ba ya bukatar mutum ya ɗanɗana kafin ya gane shi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, talakan Ingila bai san giyar inabi ba sai a labari. Tasa ita ce giyar sha'ir mai ɗaci, wadda maza ke sha a mashayar unguwa, ta inabi kuwa ta masu hannu da shuni ce. Ga shi kuma yaƙi ya bar mutane da ƙishin zaƙi, gama gwamnati ba ta daina ƙayyade wa kowane gida sukarin da zai saya ba sai cikin 1953. A wannan shekara ce wani mai suna Francis Showering, na garin Shepton Mallet, ya baza wani abin sha a kasuwannin ƙasar duka, ya sa masa suna Babycham. Ba ma da inabi aka yi shi ba, da wani ɗan itace ne ɗan'uwan tuffa, amma yana da zaƙi, yana tartsatsi a baki, an zuba shi a 'yar mitsitsiyar kwalba mai hoton ɗan barewa. Mata aka nufa da shi. A 1957 ya zama barasa ta farko da aka yi tallarta a talabijin ɗin 'yan kasuwa na ƙasar, kuma daga nan budurwa ta sami abin da za ta nema a mashaya ba tare da an yi mata kallon banza ba.

Ita kuwa Mateus, wani ɗan kasuwa Fernando Van Zeller Guedes ne ya ƙago ta a 1942, ana tsakiyar yaƙi. Ya kwaikwayi siffar gorar ruwan sojan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi kwalbarsa, ya manna mata hoton wata tsohuwar fada da ke kusa da garin Vila Real. Ruwan ja-ja ne mai haske, da ɗan zaƙi da ɗan tartsatsi. Daga Jamus kuma sai ga Blue Nun ta kamfanin Sichel na birnin Mainz, mai hoton 'yan zuhudu cikin shuɗin tufafi. Tana cikin jinsin da Jamusawa ke kira Liebfraumilch, sunan da ya samo asali daga gonakin inabin da ke kewaye da wani tsohon coci a birnin Worms. To, ina Ba'ingile zai iya da wannan suna? Wayon masu Blue Nun ke nan. Suka ba shi kalmomi biyu na harshensa, suka kuma gaya masa a talla cewa ta dace da kowane irin abinci, nama ne ko kifi.

Wannan magana ta ƙarshe ba ƙarama ba ce. A dubi saurayi ɗan shekara goma sha tara, ya karɓi albashinsa na mako, ya kai budurwa gidan cin abinci karo na farko. Aka miƙo masa takardar giya cike da sunayen Faransanci, ga mai hidima tsaye a kansa yana jira. In ya faɗi suna ba daidai ba ya sha kunya, in ya zaɓi mai tsada ya koma gida a ƙasa. Sai idonsa ya faɗa kan sunan da ya taɓa ji a rediyo, ya kira shi da ƙarfin hali, aka kawo, budurwa ta kurɓa ba ta yamutsa fuska ba. Da aka tashi ta roƙi kwalbar ta tafi da ita ɗakinta. Yawancin kwalaben nan na shagon gwanjo ta irin wannan hanya suka shiga gidaje.

Me ya sa zaƙi da araha suke tafiya tare? Ruwan inabi sabon matsa cike yake da sukari. In aka bar shi da yisti, yistin ya cinye sukarin ya mai da shi barasa, kuma in ya cinye duka sai giya ta fita ba zaƙi. Mai son zaƙi sai ya tsai da aikin yistin tun bai gama ba, ko kuwa ya ajiye ɗanyen ruwan inabi gefe ya zuba a ƙarshe, kamar yadda Jamusawa suka ƙware da yi. A da wannan kasada ce, domin yistin da ya saura yana iya farfaɗowa cikin kwalba ya ɓata giyar. Da aka sami matatai masu tace shi sarai, da tankuna masu sanyi, sai abin ya zama wasan yara. Bugu da ƙari, Jamusawa suka cika gonaki da wani irin inabi, Müller-Thurgau, wanda aka haɗa irinsa tun 1882, mai saurin nuna da yawan 'ya'ya. Ruwansa ba shi da wani armashi, amma sukari yana rufa masa asiri, yadda yaji da gishiri ke rufa wa miyar da ba nama. Doka ma ta ce Liebfraumilch kada sukarinta ya gaza giram 18 a kowace lita.

A Amurka labarin ya fi haka girma. Cikin 1971 aka saukar da shekarun jefa ƙuri'a zuwa 18, jihohi da yawa kuwa suka ce wanda ya isa zaɓen shugaba ya isa riƙe kofi, suka saukar da shekarun shan barasa. Yaran da suka tashi da lemon kwalba mai sanyi da zaƙi suka shigo kasuwa, suna neman abin da ya yi kama da shi. Kamfanin Gallo na Kalifoniya ya ba su Boone's Farm, giyar tuffa da ta sauran 'ya'yan itatuwa, wadda kuɗin aljihun ɗalibi ke iya saye. Daga Italiya aka kawo Riunite, jar giyar Lambrusco ta wata ƙungiyar manoma a yankin Emilia, ana talla cewa a sha ta da ƙanƙara, abin da zai sa gwanin giya na Faransa ya riƙe baki. A tsakiyar shekarun 1980 tana sayar da fiye da katan miliyan 11 a shekara a Amurka kaɗai. Wata kuma tuntuɓe ne ya zama gushin gaba: a 1975, a gidan giya na Sutter Home, yisti ya mutu cikin wani tanki tun bai cinye sukari ba, Bob Trinchero ya ɗanɗana ya ga ba laifi, ya ɗura a kwalba. White Zinfandel mai zaƙi ke nan, wadda ta mai da ƙaramin gidan nan hamshaƙin kamfani. A 1984 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta tilasta wa jihohi mai da shekarun sha 21, saboda yawan matasan da ke hallaka a haɗarin mota.

Sa'an nan samarin nan suka girma, suka sami muƙamai, suka fara zuwa hutu Faransa. Nan suka koyi cewa wai mai ilmi ba ya shan zaƙi. Kafin ka ce kwabo, Blue Nun ta zama abin ba'a a wasannin talabijin, kuma wanda ya kai ta gidan da aka gayyace shi liyafa ya tona wa kansa asiri. Mutumin da ya yi neman aure da Mateus ya koma yana jujjuya kofi a ƙarƙashin hanci, yana rantsuwa bai taɓa son ta ba.

Abin dariya kuwa, wannan ilmin nasu sabo ne fil. Ɗaruruwan shekaru giyar sarakunan Turai mai zaƙi ce. Tokaji ta ƙasar Hangari ita ake kai wa fadoji. Da aka jera giyoyin Bordeaux daraja-daraja a 1855, farar giya ɗaya tak aka ɗora a matakin da ya fi na kowa, watau Château d'Yquem, wadda zaƙinta ya kusa na zuma. Napoleon da aka tsare shi a tsibirin Saint Helena, giyar Constantia mai zaƙi ake kawo masa daga Afirka ta Kudu. Muddin zaƙi yana da wuyar samu, ado ne. Ranar da 'yar masaƙa da ɗan acaɓan wasiƙa suka iya sayensa da canjin aljihu, ran nan manya suka gano cewa ɗaci ya fi daraja. A nan gaskiya tana wajen masu begen giyar ƙuruciya, domin rabin rainin da aka yi mata rainin masu shanta ne.

Amma ɗaya rabin da dalilinsa, ruwa ba ya tsami banza. Dokar giya ta Jamus ta 1971 tana auna darajar giya da yawan sukarin da ke cikin inabi ranar da aka tsinke shi, Ostiriya ma makwabciyarta irin ma'aunin ke gare ta. Inabin da aka bari ya daɗe a reshe shi ne mai tsada, kuma ba kowace shekara rana ke ba da shi ba. Manyan kantunan Jamus kuwa suna son mai daraja a farashin marar daraja. Sai wasu dillalan Ostiriya suka sami dabara, suka riƙa ɗiga wa giyar banza wani sinadari, diethylene glycol, dangin abin da ake zubawa a lagireton mota don kada ruwa ya daskare da sanyi. Yana ƙara zaƙi da kauri, yana kuma lalata ƙoda in ya yi yawa. Asiri ya tonu a 1985. Aka kwashe miliyoyin kwalabe daga kantuna, aka ɗaure mutane, sa'an nan aka gano wasu kamfanonin Jamus ma sun gauraya tasu da ta Ostiriya a ɓoye. Wadda aka kama ta yi yawan da aka rasa inda za a zubar, har aka kai wa wata masana'antar siminti ta yi amfani da ita wajen sanyaya tanderu. Giyar da Ostiriya ke fitarwa waje ta faɗo zuwa kimanin kashi ɗaya cikin goma, ba ta koma yadda take ba sai bayan shekara goma sha biyar da 'yan kai. Shekara ɗaya bayan wannan, a arewacin Italiya, aka ƙara wa giyar araha ƙarfi da methanol, mutum wajen ashirin suka mutu, wasu suka makance.

Akwai kuma waɗanda ba a jin nasu labarin in ana hirar ƙuruciya. Kamfanin da ya yi wa ɗalibai Boone's Farm shi ne ya fitar da Thunderbird a 1957, mai zaƙi ita ma, mai araha, amma ƙarfinta ya ninka na Lambrusco, kuma a unguwannin matalauta ta yi kasuwa. A Sikotland akwai Buckfast, wadda ta samo asali daga gidan 'yan zuhudu a kudancin Ingila, mai barasa kashi 15 cikin ɗari haɗe da sinadarin da ke cikin kofi mai hana barci. Wani bincike na BBC a 2010 ya nuna sunanta ya fito a rahotannin 'yan sandan yankin Strathclyde fiye da 5,000 cikin shekara uku. Harshen yaro yana ƙin ɗaci, kuma ɗacin nan a da shi ne shingen da ke jinkirta shi. Sukari ya kawar da shingen. Wanda ya tsallake lafiya shi ke zama yau yana ba da labarin daren da ya yi amai a bayan motar uban abokinsa, ana ta dariya. Wanda bai tsallake ba ba ya wurin hirar.

Masana halayyar ɗan Adam sun lura cewa in aka ce wa tsoho ya tuna rayuwarsa, abin da ya faru tsakanin shekara goma da talatin shi ya fi zo masa, kuma ƙamshi da ɗanɗano sun fi komai saurin tayar da shi. Don haka ba mamaki in kurɓi ɗaya ya dawo wa mutum da ɗakin haya, da garmaho, da fuskar wadda ya aura ko wadda ta ƙi shi. Tunanin da kansa yana aiki irin na mai haɗa Liebfraumilch, ya tace ciwon kan safiya, ya zuba ɗanyen zaƙi a ƙarshe.

Duniya kuwa rawar 'yan mata ce. Wajen 2010 matasan Amurka suka rungumi Moscato, farar giya mai zaƙi, mawaƙansu suna ambatonta, ba su kuma nemi izinin kowane gwani ba. A 2021 iyalin Showering suka sake sayen Babycham bayan ta daɗe a hannun wasu. Dattawa da yawa suka daina ɓoye-ɓoye, suka je kanti neman tsohuwar zuma.

Sai dai kamfanonin sun riga sun ji kunya tare da su. Da gidan Langguth ya sayi Blue Nun a 1996, ya fitar da ita daga jinsin Liebfraumilch, ya ƙara mata inabin Riesling, ya rage sukari. Masu Mateus su ma sun rage zaƙin tasu, sun yi wa kwalbar kwaskwarima. Dattijo ya kawo ta gida, ya sa a firji, ya zuba wa kansa da uwargida. Ya kurɓa, ya yi shiru, ya ce sun ɓata ta. Uwargida ta ce harshensa ne ya tsufa. Suka bar rabin kwalbar a kan tebur, ita kuwa ta tashi neman kyandir.